Kundin neman digiri na uku: isnadin saƙon murya

14 ga Satumba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne saboda na fara mantawa da wanda na rubuta wa da wanda ban rubuta wa ba. Jiya saura ƙiris in aika wa wani farfesa wasiƙa karo na biyu, kalma da kalma, har da kuskuren da na yi a sunansa.

Shekara shida ke nan ina koyarwa a sashen kimiyyar kwamfuta, ina matakin Lakcara II. Digirina na biyu a kan tsaron bayanai ne, amma abin da ya kama zuciyata shi ne binciken shaidar na'ura, wanda 'yan fannin ke kira forensik: yadda ake ciro abin da ke cikin waya ko kwamfuta, a adana shi ba tare da an jirkita komai ba, a yi bayaninsa yadda alƙali zai iya dogara da shi. Kowa a jami'a ya san ƙa'ida: ba digiri na uku, ba zama Babban Lakcara. Mutum na iya tsufa a Lakcara I har ɗalibinsa ya dawo ya shugabance shi. Na ga wanda hakan ta faru da shi, kuma ba rago ba ne.

Zuwa yau wasiƙu 11 na aika, ba amsa ko ɗaya. Daftarin binciken da nake haɗawa da su shafi tara ne, a kan amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gano bidiyon bogi.

3 ga Oktoba, 2024

Na kai wa tsohon malamina daftarin, wanda ya duba aikina na digiri na biyu. Ya karanta shafi biyu, ya cire tabarau.

"Malam, wace tambaya kake son amsawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yadda za a gano bidiyon bogi."

Ya ce, "Wannan ba tambaya ba ce, kasuwa ce. Akwai ɗakunan bincike da ke da injuna na miliyoyin daloli suna wannan aikin. Kai da kwamfutarka mai zafi kamar dutsen guga, me za ka kai musu da ba su da shi?"

Na fito raina a ɓace. Amma a kan hanya na ƙirga, kalmar "ƙirƙirarriyar basira" ta fito sau 23 a daftarin, kalmar "kotu" sau ɗaya. Na rubuta abin da nake zaton ana so a ji ne. Da ni ne farfesan da ya samu wannan wasiƙa, ni ma da ban amsa ba.

29 ga Oktoba, 2024

Fiye da mako guda ke nan kusan duk Arewa ba wuta, tun da manyan layukan da ke kawo ta suka lalace. Ba na iya kunna komai a ofis, sai na riƙa zuwa Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, wajen wani mai gyaran waya da nake kira Injiniya, in yi caji a janaretonsa in zauna a benci. Zaman dole ne, amma a nan na samu abin da wata biyu na karatu bai ba ni ba.

Wani abokina lauya ya same ni a can da matsala. Rikicin bashi ne tsakanin 'yan kasuwa biyu, kuma hujjar mai ƙara ita ce saƙon murya na WhatsApp inda wanda ake ƙara yake amsa cewa ya karɓi kuɗin. Sai dai saƙon bai zo wa mai ƙara kai tsaye ba. Ƙaninsa aka aika wa, ƙanin ya tura masa ta Xender, wayar ƙanin kuma an sayar da ita tuni. Lauyan yana da takardar shaida ta sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wadda ake sa hannu a kai cewa na'urar da ta fitar da bayanin tana aiki daidai. Tun bayan shari'ar Kubor da Dickson a kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, inda Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba, babu lauyan da ke wasa da wannan takarda. To amma takardar tana magana ne a kan waya ta ƙarshe. Ba ta cewa komai a kan inda muryar ta taso, ko hannu nawa ta bi, ko an yanke wani abu a hanya.

Ina jin haka sai makarantar dare ta faɗo mini a rai. Malaman hadisi ba sa duba matani kaɗai, sai sun bi isnadi: wa ya ji daga wa, shin sun ma yi zamani ɗaya, akwai inda sarƙar ta yanke? A fanninmu ma akwai irin wannan, rajistar hannuwan da shaida ta bi, amma tana farawa ne daga lokacin da mai bincike ya karɓi na'ura. Abin da ya faru kafin nan fa, a cikin gari, daga waya zuwa waya?

Sai Injiniya ya ƙara wani abu yana cikin narka dalma, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Malam, ai da yawan masu kawo mini gyara ba WhatsApp na gaskiya ne a wayarsu ba, GB ne." GBWhatsApp kwaikwayo ne da kamfanin bai yarda da shi ba, yana ajiye kayansa a wani babban fayil mai suna daban, kuma yana iya riƙe saƙon da mai aikawa ya goge. Ke nan mai binciken da ya nemi WhatsApp a mazauninsa na asali zai iya rubuta cewa babu komai, alhali hirar tana nan a maƙwabta.

Mutanenmu da yawa ba sa rubuta saƙo, magana suke yi. Ciniki, bashi, aure, saki, barazana, duk da murya. Wayoyin kuma yawanci Tecno da itel da Infinix ne, na kamfanin Transsion na Shenzhen, ba irin waɗanda aka fi gwaji da su a takardun da nake karantawa ba. Na samu tambayata: idan aka ba ka fayil ɗin murya a waya, me za ka iya tabbatarwa game da hanyar da ya biyo, me kuma ba za ka taɓa iya tabbatarwa ba?

2 ga Disamba, 2024

Labari ya tabbata: TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ta dakatar da tallafin karatu a ƙasashen waje daga 1 ga Janairu, 2025, saboda tsadar canji da kuma malaman da ke tafiya ba su dawo ba. A kanta na gina rabin lissafina. A ɗakin shan shayi na malamai yau kamar gidan makoki.

Na zauna na sake duba taswirar. A Ingila kuɗin makaranta na baƙi ya fi ƙarfina, guraben tallafi na hukumar binciken ƙasar kuma kashi 30 cikin ɗari kawai ake iya bai wa 'yan waje. Ɗalibin digiri na uku yana iya tafiya da iyali, amma harajin lafiya kaɗai fam 776 ne a shekara ga kowane mutum. Mu huɗu ne, fam 3,104 ke nan kafin a sayi ko burodi. Norway ta fi jan hankalina, domin a can digiri na uku aiki ne da albashi, ana tallata shi kamar kowane aiki, kuma jami'arsu ta NTNU tana da masu wannan fanni a garin Gjøvik. Sai dai suna neman digiri na biyu mai nauyin shekara biyu cikakku, dole in nuna nawa ya kai. A Jamus akwai rukunin masu bincike na Jami'ar Erlangen, a Ireland akwai jami'ar UCD ta Dublin da ta daɗe tana horar da jami'an 'yan sanda, a Switzerland akwai Lausanne mai tsohuwar makarantar kimiyyar binciken laifuka. A nahiyarmu kuma akwai Jami'ar Pretoria, wadda masu bincikenta suka taka rawa wajen tsara ƙa'idar duniya ta binciken shaidar na'ura, ISO/IEC 27043 ta 2015.

Na daina aika wasiƙa kamar mai raba takardar ɗaurin aure. Mutum shida na zaɓa, kuma ba zan rubuta wa kowa ba sai na karanta takardunsa uku aƙalla.

21 ga Disamba, 2024

Na sayi wayoyi bakwai na hannu da kuɗin adashe. Uwargida ta kalle su a kan tabarma ta ce, "Yanzu shago za ka buɗe ko karatun ne?"

Na ce wa Injiniya ya goge kowacce ta koma kamar sabuwa, kuma ya yi. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama suna kulle fayiloli da makulli, idan aka goge waya makullin ya tafi, abin da ya rage tarkace ne da ba ya karantuwa. Abin da ban yi tunani ba shi ne katin memori. Waya ta 3 ta zo da nata a ciki. Na duba, ba komai. Sai na ce bari in gwada PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, a kansa don in ga ko kayan aikina na tafiya daidai. Cikin minti ashirin hotuna suka fara fitowa: bikin suna, katin asibiti, wata mata a ɗakinta ba mayafi. Na rufe kwamfutar.

Goge kati ba ya share abin da ke ciki, sunayen kawai yake cirewa daga rajista, kamar a cire lambar gida a bar gidan. Na sha koya wa ɗalibai wannan a allo. Ban taɓa jin nauyinsa ba sai yau. Matar nan ba ta ba ni izini ba, ba ta ma san ina duniya ba. Na share abin da ya fito, na cike katin da sifili daga farko har ƙarshe, na sa masa guduma.

Daga yau duk bayanan gwajin ni zan ƙirƙire su: sababbin katuna, layuka da sunana, muryoyin ɗalibai masu sa kai da suka sa hannu a takardar amincewa, suna karanta jimlolin da na rubuta. Zan kai takarda gaban kwamitin ɗa'ar bincike kafin in naɗi murya ko ɗaya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta isa dalili, ko da kunya ba ta isa ba.

26 ga Janairu, 2025

Kwamiti ya amince. Mako uku ina gwaji, saƙonni 140 na bi sawunsu.

WhatsApp a Android yana ajiye saƙon murya a tsarin Opus, sunan fayil ɗin yana farawa da PTT, sai kwanan wata, sai lamba. Bayanin wanda ya aiko da lokacin kuma yana cikin rumbun bayanan manhajar, mai suna msgstore. Kowane fayil nakan lissafa masa SHA-256, wato zanen yatsansa: ko ɗigo ɗaya aka canza a ciki, lambar za ta koma wata daban. Ba na dogara da MD5, tsohuwar hanyar lissafa zanen yatsa, kaɗai, tun 2004 aka nuna ana iya samar da fayiloli biyu mabambanta masu lamba ɗaya, 'yar'uwarta SHA-1 ma ta bi sahu a 2017.

A gwajina, idan aka tura saƙo daga hira zuwa hira a cikin WhatsApp, zanen yatsan ba ya canzawa, kuma manhajar tana sa alamar an tura, idan sarƙar ta kai biyar ta ce an tura sau da yawa. Amma da zarar fayil ya fita ta Xender ko bulutut, sai ya isa tsirara: muryar tana nan daram, sunan ma wani lokaci, amma duk abin da ke rumbun ya tsaya a baya. Idan mai karɓa ya sake saka shi a WhatsApp, sai ya zama kamar shi ne mafari. A nan isnadin ke yankewa, kuma a nan rikicin abokina lauya yake.

Sai abin kunya. Kwana biyu ina murna na gano wani abu: lokacin da ke kan fayil a katin memori yana saɓa wa na rumbun da awa ɗaya cif, a kowace waya. Har na fara tsara taken takarda. A rana ta uku na tuna cewa tsarin ajiyar katin FAT32 ne, yana rubuta agogon gida ba tare da faɗin yanki ba, rumbun kuma yana ƙirga lokaci da agogon duniya na UTC, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya. Abin da na gano shi ne Kano ba Landan ba ce. Na bar wannan shafi a littafin gwaji ban yage ba. Da a gaban alƙali na yi wannan kuskure, awa ɗayar nan tana iya sa mutum a wurin da bai je ba.

15 ga Fabrairu, 2025

Sakamakon IELTS, jarrabawar Turanci, ya fito: 7.0, rubutu 6.5. Ya isa, kuma shekara biyu yake aiki. Takardar sakamakon digirina na biyu kuwa mako na tara ke nan. An ce fayil ɗina yana kan teburin wani da ya tafi hutu da makullin ofis.

Sabon daftari shafi huɗu ne. Wasiƙu shida sun tafi, kowacce da jadawalin sakamakon gwajin a maƙale.

19 ga Maris, 2025

Azumi na 19. Amsa uku cikin shida. Ɗaya ya ce ba shi da gurbi. Ɗaya ta ce in nemi wani aikin da za su tallata. Na ukun, farfesa a wata jami'a a Turai, ya nemi mu yi magana ta bidiyo, kuma yau muka yi, ƙarfe huɗu na yamma, maƙogwarona a bushe.

Na shirya bayani a kan manhajojin binciken na'ura, Autopsy da sauransu. Bai tambaye ni ko ɗaya ba. Tambayarsa ta farko ita ce: idan WhatsApp ya sauya tsarin rumbunsa gobe, me zai rage a bincikenka? Na yi shiru har na ji ƙarar fankar ofis. Gaskiya ce mai ɗaci a fannin nan: takardu da yawa bayanin inda wata manhaja ke ɓoye kayanta ne, sabon salo na fitowa sun zama tarihi. Wannan aikin ƙwararre ne, mai amfani, amma ba digiri na uku ba ne.

Na ce masa abin da zai rage shi ne hanyar auna ƙarfin sarƙa. Na ba shi misalin malaman hadisi, yadda ba su tsaya a kan "gaskiya" ko "ƙarya" ba, suka yi matakai, ingantacce da kyakkyawa da mai rauni, kowanne da sharuɗɗansa, kuma suka bai wa kowane irin yankewa suna. Na ce ina son mai bincike ya iya gaya wa kotu matakin da fayil yake da dalilinsa, maimakon ya ɗaga takarda ya ce injin ya ce. Ya yi rubutu na ɗan lokaci, sannan ya ce akwai masu aiki a kan ma'aunin tabbaci a shaidar na'ura, in karanta su kafin in ɗauka ni na fara. Ya turo mini takardu biyar kafin a sha ruwa.

11 ga Afrilu, 2025

Gurbin mai albashi da na nema bai samu ba. Layi uku ne wasiƙar. Ƙaramar takardar da na aika wani taro ita ma an dawo da ita. Mai bita na biyu ya ce wayoyi bakwai ba su isa a yi hukunci ba, kuma yana da gaskiya, duk da na ɗauki kwana biyu kafin in yarda. Mai bita na farko ya ba ni shafi guda na gyara da ya fi wasu darussan da na biya kuɗi na ɗauka.

Takardar sakamako ta fito, a mako na goma sha bakwai.

18 ga Mayu, 2025

Farfesan ya ce yana son aikin, amma ba shi da kuɗin ɗaukar ɗalibi sai wani tallafin da ya nema ya fito, kuma ba zai san matsayinsa ba sai ƙarshen shekara. Ya kawo shawara: in yi rajista a gida, shi ya zama mai duba aiki na biyu, idan hali ya yi in je wajensu na wasu watanni.

Na kai wa tsohon malamina maganar. Ya ce, "To ai bayanan naka a nan suke. Can za ka je ka samo Farm Centre?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yajin aiki fa? Wanda na sani ya shekara takwas yana abu ɗaya." Ya ce wannan kuma ba shi da maganinsa.

Ban ɓoye wa kaina ba, wani ɓangare na son tafiyar ba na ilimi ba ne. Ina son wutar da ba ta ɗaukewa, da laburaren da zan buɗe mujallar Forensic Science International: Digital Investigation ba tare da na roƙi wani ya turo mini ba, da albashin da zai kai ƙarshen wata. Ba na jin kunyar wannan. Hajiya kuwa da na gaya mata, cewa ta yi, "Kai dai ka yi inda za ka riƙa zuwa gaishe ni." Uwargida ba ta ce komai ba, amma na lura ta daina tambayar yadda sanyin can yake.

Na sayi fom ɗin gida. Zan kuma ci gaba da neman na waje. Tallafin karatu na Commonwealth yakan buɗe wajen Satumba.

9 ga Yuni, 2025

Ranar Juma'a, ranar Babbar Sallah, gobara ta tashi a Farm Centre ta cinye shaguna masu yawa. Na Injiniya yana ciki. Na je jiya na yi masa jaje, na same shi tsaye a gaban abin da ya rage, yana amsa wayar masu tambayar kayansu. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tara kayan aikin nan. Ban iya tambayarsa komai ba, shi ne ya tuna ya ce, "Malam, wayarka ma tana ciki."

Waya ta 5 ce, wadda na kai a sauya mata gilashi. Ita kaɗai ce mai GBWhatsApp da Android 8 a tare. Kwafinta yana nan a faifai biyu, na sake lissafa zanen yatsansa da daddare, ya yi daidai da wanda na rubuta ranar 14 ga Janairu. Gwaje-gwaje tara da na tsara a kanta ba za su yiwu ba sai na samu irinta, kuma samun mai wannan salon yanzu sai an tona.

A rajistar wayar, ƙarƙashin layin da ke cewa na miƙa ta ga mai gyara ranar 2 ga Yuni, na rubuta: ta ƙone, 6 ga Yuni, ba a dawo da ita ba. Na sa hannu. Ranar Laraba zan kai wa Injiniya tsohon mita da abin narka dalma da ke ajiye a ofishina, sannan in wuce in miƙa fom.